Amsa ga Baba mai lambun mangwaro: yadda bishiya ke sanin ta isa fure

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A taron manoma da aka yi nan Jos ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: me ya sa mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yake cin shekara 5 zuwa 8 bai yi fure ba, amma ɗan aure a shekara 3 ko 4 ya fara 'ya'ya? Ka ƙara da cewa bishiya ba ta da ƙwaƙwalwa, to da me take lissafin shekarunta? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na rubuto, don sauran masu lambu su ma su gani.

A cikin kowace ƙwayar halittar shuka akwai DNA, wato kundin da aka rubuta duk umarnin gina ta. Kundin ba ya barin ma'ajiyarsa. Idan ana buƙatar wani umarni, sai a kwafe shi a wata takardar aike da ake kira RNA, a kai inda ake ƙera furotin. To akwai wasu gutsattsarin RNA, yawanci haruffa 21 kacal, waɗanda ba su ɗauke da saƙon komai. Aikinsu tare hanya. Kowane guntu yana shiga cikin wani furotin mai suna Argonaute, ya nemo takardar da haruffanta suka dace da nasa, a yaga ta ko a hana karanta ta. Umarni na nan a kundi, amma bai isa wurin aiki ba. A jikin wata 'yar tsutsa Victor Ambros da Gary Ruvkun suka fara gano irinsu a 1993, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2024. A tsirrai sai 2002 aka tabbatar da su.

Wanda ya shafi tambayarka sunansa miR156. Lokacin da tsiro ya ɓullo daga ƙasa, jikinsa cike yake da shi. Takardun da yake yagawa na wasu ƙwayoyin gado ne da ake kira SPL, su ne masu ba da umarnin balaga. Muddin miR156 na da yawa, ko wane irin taki ka zuba, ganye da tsawo za ka samu. A hankali yake raguwa, SPL su samu sarari, a tsirrai da yawa kuma su tayar da wani guntun, miR172, wanda ke kawar da masu hana fure. A masara makonni kaɗan ne, a bishiya shekaru.

Ba sai da na'ura za ka ga alamar wannan ba. Da damina ka duba masararka: ganyen farko huɗu ko biyar dishi-dishi suke, da wani farin kaki a kansu, ba gashi. Na sama kuwa suna sheƙi, ga gashin nan mai sa ƙaiƙayi a hannu lokacin noma. Tsakaninsu ne miR156 ya faɗi. Akwai wata masara a Amurka da ake kira Corngrass, wadda ke tsayawa kamar kurmin ciyawa da siraran ganye barkatai. A 2007 aka gano tana yin miR156 fiye da kima ne. A 2019 kuma masu bincike a Ostireliya suka auna shi a ganyen mangwaro da fiya, suka ga yana raguwa yayin da bishiya ke manyanta.

Me ke rage shi? Ɗaya daga ciki sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana. A 2013 aka nuna cewa idan aka cire wa ƙaramin tsiro ganye, miR156 ya kan daɗe bai sauka ba. Don Allah kada wani ya ji haka ya kwashi sukarin shayi ya zuba a gindin bishiya, tururuwa kawai zai tara. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne dashe ya samu rana, a kuma kange shi daga awaki.

Ɗan aure kuwa, reshen da ka yanko daga bishiyar da ta daɗe tana 'ya'ya ya riga ya wuce wannan zangon. Ka ɗaura shi a kan ɗan tsiro, amma da shekarunsa ya zo. Jiran da kake yi na 'yan shekarun nan, jiran ya yi jiki ne da zai ɗauki kaya.

Saboda haka, Baba, in za ka yanko reshen aure, ɗauko daga sama, gefen da ka san ya yi fure. Tohon da ke fita kusa da gindi yakan riƙe ƙuruciyarsa ko a tsohuwar bishiya. Duk tohon da ya ɓullo ƙasa da mahaɗar auren kuma ka cire shi da wuri, domin na ƙwallon ne, zai janye abinci kuma ba zai yi fure nan kusa ba.

A gaida mutanen gida. Wassalam.