Godiya ga wani shagon kayan gem a Farm Centre, musamman yaron da ke tsaron shagon

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba mai yawan rubutu ba ne, duk wanda ya san ni ya san daga sakamakon ƙwallo sai sanarwar ɗaurin aure nake sawa, amma wannan karon na ce wallahi sai na rubuta ko da mutum 5 ne za su karanta. Godiya zan yi ga wani shagon sayar da kayan gem da ke kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da Alhajin da ke da shagon, sai kuma uwa uba yaron da ke tsare masa, wani siriri mai tabarau da bai fi shekarun ɗan yayata ba. Ban kama suna ba don kar a ce biyana aka yi in yi talla, su dai sun san kansu.

Ina da ɗan gidan kallo a ƙauyenmu, tsakanin Ringim da Gujungu, rumfar kwano ce da bencina da filasma 2 da janareto. Ranar da akwai wasan Firimiya ko na zakarun Turai ba masaka tsinke, ranar da babu kuwa sai ni da awaki. Shi ya sa na daɗe ina son in sa gem, samari su riƙa bugawa da yamma bayan an tashi daga islamiyya, da dare kuma in babu wasa a sa fim.

To kafin in zo kan yabon bari in faɗi abin da ya same ni shekara 2 da suka wuce, don ku gane dalilin da ya sa ɗan mutuncin da aka yi min ya tsaya min a rai haka. Na sayar da riɗina na ɗauki kuɗin na shiga birni, wani wuri daban ba wannan ba, na ce ina son na'urar gem ta PS4. Tun daga yadda na furta sunan suka fara kallon juna suna murmushi, ɗaya ya ce wa ɗan uwansa da Turanci wai mutumin daga daji yake, yana zaton ban ji ba, alhali ni na yi sakandare. Suka ɗauko min wani na hannu, wai daga Landan ya zo, wai an loda masa gem fiye da 20, ko jona shi ba su yi ba a gabana, da na ce a gwada sai aka ce ba wuta. Ni kuma kunya ta hana ni matsawa, kar a ƙara cewa baƙauye. Na kawo shi gida na kunna, fankar ciki ta ɗau ƙara kamar injin markaɗe, minti 20 bai cika ba ya ɗauke ɗif. Na sake kunnawa ya sake ɗaukewa. Washegari na koma, kuɗin mota zuwa da dawowa, mutumin ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba ya ce "Malam kaya in sun fita sun fita, janaretonka ne ya ƙona shi." Da na kai wa mai gyara ya buɗe, wallahi ƙurar da ke ciki ta yi dunƙule kamar auduga, har da busassun kyankyasai. Ya ce wannan ya shekara da shekaru yana aiki a gidan gem, ba wata Landan. Haka kuɗin riɗin shekara guda suka tafi, mai ɗakina har yau in muka yi 'yar cacar baki sai ta tuna min.

Don haka bana da na sake yin niyya, a ɗarare na tafi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Ɗan yayata da ke karatu a Kano shi ya yi min kwatancen shagon, na sauka a tashar Yankaba na hau adaidaita, tun a hanya ina shirya maganganun da zan mayar in an raina min hankali.

Na yi sallama, yaron ya amsa, ya jawo min kujera ya ce "Kawu zauna ka huta tukuna, daga nesa kake ko?" Na ce PS5 nake so. Maimakon ya miƙo kwali ya faɗi kuɗi sai ya hau yi min tambayoyi, wace irin talabijin ce da ni, da wace wuta nake amfani, akwai netwok mai ƙarfi a garinmu ko sai an hau tudu, su wa za su riƙa bugawa. Na ɗan tsargu, na ce a raina ga shi nan an fara auna ni. Ashe ba haka ba ne. Ya ce in akwai wani a gida in sa a ɗauko hoton bayan talabijin ɗin da na sifikar a turo. Na kira ƙanena ya ɗauka ya turo, yaron ya karɓi wayata ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton yana karanta ƙananan rubutun da ke jikin ramukan, ya ce "Yauwa, ga ramin jona wayar hoto, wato HDMI, guda 2, ga kuma ramin iyafis, shi ke nan an gama."

Daga nan ya yi min bayanin da ba wanda ya taɓa yi min. Ya ce PS5 tun ƙarshen 2020 ya fito, a 2023 kuma Sony suka fitar da ɗan siririn da ake kira Slim mai ma'ajiya 1TB, kuma iri biyu ne, akwai mai cin faifai akwai wanda ba ya ci, komai sai dai ka sauke ta intanet. Marar faifan ya fi araha, ni kuma idona na kansa saboda kuɗin, ya ce "Kawu kar ka soma, gem guda sai ya cinye maka datar wata da wata, da netwok ɗin da ka kwatanta min sai ka kwana 3 ba ka gama saukewa ba." Ya ce mai faifan kuma zai karanta min DVD da Blu-ray, ga shi yana karɓar yawancin faifan PS4, sai dai ba ya kunna CD na waƙa ko na karatu, kar in je in sa in ce ya lalace. Na tambaye shi gem ɗin ƙwallon nan FIFA, ya yi dariya ya ce ai tun 2023 aka sauya mata suna ta koma EA Sports FC, ita ce dai, ita kuma PES da samarinmu suke so ta koma eFootball, kyauta ce amma tana son intanet, don haka a wurina FC ta faifai ta fi, mutum biyu su zauna su buga ba ruwansu da data.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sau biyu yana hana ni kashe kuɗi a shagonsu. Na ga wata wayar HDMI mai tsada a rataye an rubuta 8K a jiki na ce a sa min, ya ce ta cikin kwalin ta isa har ta yi yawa, tunda talabijin ɗina 1080 ce ba 4K ba. Na ce to ko sifika sabuwa zan saya, tunda tawa tsohuwa ce mai jan waya da fari kuma PS5 ba shi da wannan ramin, HDMI kaɗai ke fitar da hoto da sauti. Ya ce a'a, ya ɗauko wata 'yar waya da kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa da wake ba, kai ɗaya ya shiga ramin iyafis na talabijin, ɗaya kan mai ja da fari ya shiga sifika. Ya ce kuɗin da na yi niyyar zubawa a nan in kai su wajen sitabilaiza da UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, kuma su ba sa sayarwa, ya nuna min layin da zan samu. Ku gaya min, a ina aka saba ganin haka? Wani wurin da ka nuna sha'awar abu to ka saye shi ke nan, har da wanda ba ka nuna ba.

Inda ya ɓata min rai kaɗan, kuma ba laifinsa ba ne, na zo da tsofaffin fad ɗina na PS4, wato abin da ake riƙewa a buga, guda 2 a leda ina murna na huta sayen na biyu, ya ce za su yi aiki amma a gem ɗin PS4 kawai, na PS5 sai nasa fad ɗin, DualSense. Guda ɗaya ne kuma a kwali. Dole na ƙara ɗaya.

Ya yanke kwalin a gabana, ya sa ni na duba lambar jikin na'urar da ta jikin kwali da ta rasit duk ɗaya. Ya jona a talabijin ɗin shago da wayfay ɗinsu ya yi duk abin da ke buƙatar intanet a karon farko, ya ce shi Slim ɗin ma'ajin faifansa sai an yi masa rajista da intanet sau ɗaya kafin ya fara aiki, da na tafi da shi haka da na sha wahala. Ya sa faifan ya sauke abdet ɗin, mun fi awa 2, kwastomomi na shigowa yana sallamarsu yana dawowa kaina, har aka kira la'asar muka je muka yi muka dawo abin bai gama ba. Wajen buɗe akawun ya ce Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa, sai an zaɓi wata ƙasar, kuma duk katin sayen gem da zan saya nan gaba dole ya zama na ƙasar da aka zaɓa. Da aka zo sa lambar sirri ya miƙo min fad ɗin ya juya fuskarsa bango, ya ce in sa da kaina in rubuta a takarda in ɓoye. Wannan ɗan abin ya taɓa ni ƙwarai, don na san masu riƙe wa mutane lambar sirri don ka riƙa dawowa kana biya.

Kan wuta kuwa ya ja min kunne kamar shi ne babba. Ya ce abin yana jan wajen wat 200 in ana cikin wasa, kar in jona shi lokacin tayar da janareto sai injin ya daidaita, kuma kar in bar shi da fitilar nan ruwan lemo, wai barci yake ba a kashe yake ba, in aka ɗauke wuta a haka zai iya ɓata abin da ke ciki. In kashe shi gaba ɗaya, in jira fitilar ta mutu, sannan a kashe inji. Ya nuna min yadda ake zare murfin gefe a share ƙura, ya ce da hunturu in riƙa yi akai-akai, kar in manna shi da bango, kar kuma in lulluɓe shi da zani yana aiki. Na tuna da kyankyasan nan na ce to.

Sai da na iso gida bayan isha aka yi abin dariya. Rumfa ta cika, yara har kan katanga, na jona komai yadda ya nuna min, fitila fara ta kama, talabijin kuwa baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an kuma. Wani dattijo a baya ya ce "Kano ta sake cinye ka." Ƙarfe 9 da rabi ta wuce, na kira lambar yaron ba don ina sa ran zai ɗauka ba, bugu biyu ya ɗauka, ina jin hayaniyar gidansu. Ya ce in kwantar da hankalina, a talabijin ɗin shago mai 4K aka saita shi, wataƙila tawa ce ta kasa ɗaukar hoton. Ya ce in kashe, in danne maɓallin kunnawa kar in saki sai na ji ƙara ta biyu, in jona fad da wayarsa, in shiga wajen sauya fitar hoto in zaɓi wanda talabijin ɗina ke iya ɗauka. Netwok na yankewa yana sake kira da katinsa, sau 3. Da hoton ya fito ihun da yaran suka yi sai da ya ji ta waya, ya ce "Kawu Allah ya sanya alheri," ya kashe.

Yau sati 6 ke nan ba abin da ya same shi. Da yamma ana buga FC, na hana shiga lokacin makaranta da lokacin salla, da dare a sa faifai ko in na samu data mu kalli finafinan Hausa a YouTube, tsohuwar sifikar nan tana ta aiki da 'yar wayarta.

Ni abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan ya zama abin rubutawa. Mu mutanen karkara mu ne muke noma abin da ake ci, amma da ka shiga shago da ƙura a ƙafa sai a ninka maka kuɗi a kuma haɗa ka da ragowar kaya. Mai gyaran waya ya cire maka batir mai kyau ya sa maka gajiyayye, mai sayar da sola ya ba ka faranti an manna masa takardar ƙarya ta ƙarfin da bai kai ba, maƙwabcina haka aka yi masa, ko fanka ba ya ja. Ka je ofis neman takarda ɗaya a ce je ka dawo, ba wanda ke lissafa kuɗin motarka da yinin da ka bar gona. Kuma duk waɗannan da Hausa suke magana, sahu ɗaya muke bi a masallaci, ba wasu baƙi ba ne.

Alhaji mai shago, ka riƙe yaron nan da kyau, in da hali a ƙara masa wani abu a albashi, Allah ya ƙara buɗi ya tsare dukiya. Kai kuma ƙanena mai tsaron shago, Allah ya yi maka albarka ya jiƙan magabata. Mutum 2 daga garinmu sun karɓi kwatance, ɗaya mai gidan kallo ne a ƙauyen gaba da mu. Mai ɗakina ta yi maka kantun riɗi, yana wajen direban da ke lodin Yankaba, zai kira ka ranar Litinin in Allah ya kai mu, ka ɗauka ko da ba ka san lambar ba.