Wasiƙa Daga Gusau Kan Waifai na Gidan Haya

Samaru, Gusau,
Jihar Zamfara.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Allah ya sa a gama lafiya, ya maido mana da kai da alheri. Mu nan sai godiya. Na leƙa wurin Baba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce in shaida maka ƙafar ta yi sauƙi ƙwarai, yanzu da kansa yake fita sallar asuba. Yara duk lafiyarsu lau, autarka har ta fara haɗa baƙi.

Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko ka bar iyalinka su shiga karo-karon intanet da 'yan hayar gidansu ke shirin haɗawa, ko su ci gaba da sayen data a waya kamar yadda suka saba. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto. Shawarata su shiga. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da ban yarda a sassauta ba ko kaɗan, zan zo kansa.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai sayen data kaɗan-kaɗan shi ya fi kowa shan tsada. Idan gida guda ya haɗa kuɗi ya sayi babbar data ta wata, kowa zai ga sauƙi a aljihunsa. Kuma ni tun abin da ya faru a Satumban 2021 na daina ganin intanet a matsayin kayan nishaɗi. Kana gari lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ka tuna yadda ake cika mota zuwa Funtuwa don kawai mutum ya kira ɗan'uwansa ko ya tura kuɗi. Mu a Gusau sabis ya dawo mana farkon Oktoba, mutanen sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Masu POS sun zauna ba sana'a, matan da ke tallar atamfa da turare ta WhatsApp kasuwarsu ta tsaya cak. To kai da iyalinka ba su da wata hanyar ganin fuskarka sai ta nan, bai kamata a ce kiranku ya dogara da ragowar data ba.

Na je gidan na Tudun Wada na duba da idona. Shirinsu shi ne su ajiye rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai, a ɗakin wani saurayi da ke kusa da zaure, tunda shi ya kawo shawarar. Hakan ba zai yi wa iyalinka amfani ba. Sashensu yana can ƙuryar gida, tsakani akwai bangon bulo da yawa, ga ƙofofin ƙarfe, ga tankin ruwa. Siminti da ƙarfe da ruwa duk suna kashe ƙarfin waifai. Galibin rautocin yanzu suna fitar da waifai a zango biyu, na 2.4 da na 5. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi kaiwa nesa amma ya fi nawa. A inda suke so su sa ta, na kusa da zaure za su sha daɗi, uwargidanka kuwa sai ta fito tsakar gida kafin ta same ka, alhali kuɗi ɗaya suke biya. Na ce musu a rataye ta sama a barandar tsakiya, inda rana da ruwan sama ba za su taɓa ta ba. Idan duk da haka bai kai ƙurya ba, a ja waya daga jikinta zuwa ƙaramar rauta ta biyu a sashenku. Irin wannan waya tana ɗaukar intanet har tsawon mita 100 ba tare da ya rage ƙarfi ba, gidan kuwa bai kai haka ba.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na son ta zauna a ɗakin mutum ɗaya. Ranar da ya kulle ɗakinsa ya tafi Ƙaura ko Talata Mafara biki, aka ɗauke wuta ko rautar ta tsaya, gida duka sai ya jira dawowarsa. Wutar da take ci ba ta da yawa, wajen wat 10 ne, don haka ƙaramin batir da ɗan allon sola sun ishe ta. Mu a namu gidan haka muka yi. Abin da za a kiyaye shi ne zafi. Ka san Gusau a watan Maris da Afrilu, ma'auni yana haura 40, rauta in ta yi zafi sai ta riƙa nawa tana mutuwa da kanta. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu, a dai riƙa goge ta. Wani a cikinsu ya kawo maganar Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Nijeriya a Janairun 2023. Yana da amfani sosai a ƙauyen da babu turken sabis, amma kayansa da kuɗin watansa sun yi wa gidan nauyi, wutar da yake ci kuma ta fi ta rauta yawa. A cikin gari rauta mai sim ta wadatar.

Rabon kuɗi shi ne inda aka fi samun saɓani, zo mu zauna zo mu saɓa. A gidanmu gwauro mai waya ɗaya ya ce ba adalci ba ne ya biya daidai da magidanci mai talabijin da wayoyin yara, kuma gaskiyarsa. Muka daidaita a kan yawan na'urorin kowane ɗaki, talabijin a lissafa ta a matsayin biyu. Akwai littafi, ana biya rana ɗaya da kuɗin wuta. Su ma su rubuta nasu tun farko kowa ya gani, kafin a sayi komai. Sannan su karanta sharuɗɗan abin da za su saya da kyau, domin yawancin datar da ake cewa ba ta ƙarewa tana da wani mizani, in an kai shi sai gudu ya ragu har ƙarshen wata. Abin da mutane ba su lura da shi ba, waya da zarar ta hau waifai sai ta ɗauka kyauta ne, ta fara sabunta manhajoji tana ɗora hotuna da bidiyo ba tare da ta tambayi kowa ba. Fim mai tsananin haske kuma yana iya cinye gigabait 3 a awa ɗaya. Zan nuna wa babban ɗanka yadda ake kashe waɗannan a wayoyin sashenku.

Game da kiranku, intanet ɗin gida kamar famfon tsakar gida ne, in kowa ya kawo bokiti lokaci guda sai ruwa ya koma ɗiga. Cunkoson yana farawa bayan sallar isha'i har wajen sha ɗaya na dare. Kai ka yi sa'a, Malesiya tana gabanmu da awa 7, wannan lokacin kana barci. Ka riƙa kira tsakanin ƙarfe tara da goma da rabi na darenku, nan biyu zuwa uku da rabi na rana ke nan. Maza suna kasuwa da ofis, yara sun dawo daga boko ba su tafi Islamiyya ba, layi wayam.

Yanzu ga sharaɗin. Da na je na tarar sun fara cewa a yi rajistar sim ɗin rautar da sunan uwargidanka, wai ita ce kullum a gida kuma kowa ya amince da ita. Ka ce a'a, da kakkausar murya. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Duk abin da ya fita ta wannan rauta, ko daga wayar wa ya fito, a wurin kamfani da jami'an tsaro daga layi ɗaya ya fito, kuma layin yana da suna. Idan wani ya yi damfara, ko ya aika saƙon barazana, ko ya yi hulɗa da mutanen daji, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa. Ka fi ni sanin halin da jihar nan ke ciki da yadda ake bibiyar masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Ko da daga baya gaskiya ta fito, wace mace ce mijinta yana wata ƙasa za a so ta shiga wannan tambaya? Ba ina zargin maƙwabtanta ba ne, na zauna da su, mutanen kirki ne. Amma gidan haya ne. Wani zai tashi, mai gida ya zuba wani ba tare da ya shawarci kowa ba. Wanda zai riƙe rautar shi ya kamata sunansa ya hau layin, kuma ya san abin da ya ɗauka. A gidanmu ni ne, na kuma karɓa da sanin nauyinsa.

Wannan nauyin ne ya sa nake tsanantawa a kan kalmar sirrin waifai. Ba ta zama a gida in ba an tsare ta ba. Wayoyin Android na yanzu suna iya nuna ta a matsayin hoton lamba (QR), wani ya ɗauka da kyamara ya hau nan take, yaro kuma ba ya iya hana abokinsa. In ka ga samarin unguwa sun fara zaman dare a dakalin ƙofar gida kowa ya duƙufa kan waya, to ta fita. Ina canja tamu duk wata ranar biyan kuɗi, in kuma duba jerin na'urorin da ke kai, wadda ban gane ba in tambaya, in ba ta kowa ba ce in cire. Ita kanta rautar tana da kalmar shiga saitinta wadda aka buga a bayanta, wannan ma dole a canja ta ranar farko.

Na san abin da za ka ce, yaya za a yi maƙwabci ya roƙi abu a hana shi? Ni ma yana yi mini nauyi. Akwai wata dattijuwa a bayan gidanmu da ke zuwa ta yi magana da ɗanta da ke Saudiyya. Ba na hana ta, ba na kuma ba jikokinta kalmar. Rautar tana da layin baƙi daban, shi nake kunna mata, in ta gama in kashe. Haƙƙin maƙwabtaka ya fita, amanar 'yan gida ma ba ta taɓu ba.

Uwargidanka ta tambaye ni ko mai riƙe da rautar zai iya karanta saƙonninku. Ka kwantar mata da hankali. Tun 2016 saƙo da kiran WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, manhajojin banki ma a kulle suke tafiya. Abin da zai iya gani shi ne wace waya ce a kai da lokacin da ta hau, a wasu rautocin har da sunan shafin da aka shiga, ban da abin da ke ciki. Ko wannan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa zaɓen mutumin ya fi zaɓen na'urar muhimmanci a wurina. A samu mai kamun kai wanda ya san Allah ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat. Akwai kuma saitin da ke hana na'urorin gida ganin juna, a kunna shi. Mu sai da bidiyon waƙar wani yaro ya faɗo kan talabijin ɗin maƙwabcinsa ana tsakiyar sauraron tafsiri sannan kowa ya yarda da amfaninsa.

Saura batun yara, wannan kuma naka ne da mahaifiyarsu. A da ƙarewar data ita ke tsayar da su, yanzu babu wannan birkin. Babban ɗanka ya kai shekarun da sai an sa ido. Ana iya saita rautar ta yanke wa wayarsa intanet da ƙarfe goma na dare, amma na fi so ka yi masa magana da bakinka tukuna, kada ya ji kamar an yi masa tarko.

Za su zauna ranar Asabar bayan la'asar. In ka amince zan je a madadinka in faɗi waɗannan abubuwa, musamman maganar sunan layi. Ka ba ni amsa kafin Alhamis, ka kuma gaya mini ko in sayi wayar da za a ja da ƙaramar rautar daga cikin kuɗin da ka bari a hannuna, ko in jira a gwada barandar tukuna.

Mai ɗakina tana gaishe ka, haka ma abokanmu na majalisa. Ka gaishe mini da 'yan'uwanmu ɗalibai da ke nan tare da kai. Allah ya ba da sa'a, ya zaunar mana da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Samaru.