A Ba Alarammomi Damar Kwafe Kundayenmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin jami'o'inmu kan wani aiki.

A 2017 laburaren Newberry da ke Chicago a Amurka ya ɗora hotunan wani tsohon kundin asirai a intanet, ya ce duk mai iya karantawa ya zo ya taya kwafewa. Da hannu aka rubuta kundin a Ingila cikin ƙarni na 17, da Latin da Ingilishi, rubutun kuwa a cukurkuɗe. Akwai laƙanin ciwon haƙori, da na cin caca, har da na kiran iskoki. Mutane suka yi ta shiga daga gidajensu, wannan ya kwafe shafi, wancan ya bi ya gyara, ba wanda aka biya ko sisi. Daga baya wata ma'aikaciyar laburare a Landan ta gane hannun marubucin: wani lauya ne, Robert Ashley, da ya mutu a 1641.

Na san wani zai ce ina ruwan Musulmi da littafin tsafi. Ba kira nake a yi aiki da shi ba, Allah Ya kiyaye. Sai dai irin waɗannan takardu su ke nuna cutar da ta addabi mutanen da, da abin da suke tsoro, da itatuwan da suka dogara da su, abin da tarihin sarakuna bai damu da shi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, dab da Chicago ɗin nan, a Jami'ar Northwestern, ake ajiye da takardun Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, sama da 3,000, da yawansu na asirai da magani. Ire-irensu kuma suna nan jibge a gidajen malamanmu, ganye-ganye cikin gafaka, hatimi a tsakiya, sunan saiwa da ajami a gefen shafi, gara na ci.

Masu karanta su ba sai an je nesa ba. Alaramman da ya tashi da rubutun warash tun yana riƙe allo zai warware shafin da mai digiri zai wuni a kai, kuma yawancinsu yau da waya a aljihu.

Don Allah ku tura wakilinku Gidan Arewa a Kaduna, cibiyar adana tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya tambayo mana me ake bukata kafin a ɗora hotunan takardun da ke hannunsu, da izinin masu su, a gayyato alarammomi su kwafe.

Wassalam.

Mai karatunku daga Zariya