Wasiƙa daga Amstadam: Gilda Bakwai da Rabi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sanyi ya fara kankama, amma alhamdu lillahi.

Ka yi ƙorafi na yi shiru. To ga ni, sai dai da magana mai nauyi na zo. Ran Asabar na ratsa tsohuwar unguwar Yahudawa, na ci karo da katangun jan bulo da aka buɗe a 2021. Kowane bulo ɗauke da sunan mutum, da ranar haihuwarsa, da shekarunsa sa'ad da aka kashe shi. Sunayen waɗanda aka kashe a yaƙin Hitila ne, galibinsu Yahudawan Holan, sun haura 102,000. Na tsaya gaban na wani yaro ɗan shekara huɗu, sa'an autanka, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Ni da kai, a bakin tsofaffin da aka kai Bama muka san yaƙin Hitila. Su nan har ƙuryar ɗaki ya bi su. Jamus ta mamaye Holan a watan Mayun 1940, lokacin akwai Yahudawa wajen 140,000 a ƙasar. Da aka fara loda su a jirgin ƙasa a 1942, dubbai suka ɓuya, wasu a saman rufi, wasu a gonaki, wasu bayan kabad ɗin littattafai kamar su Anne Frank, yarinyar da ta rubuta labarin ɓuyansu, da aka kama ranar 4 ga Agustan 1944. Kusan ɗaya cikin uku na masu ɓuyan an cafke su.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce: baƙon soja da bai san lungunan gari ba, wa ya nuna masa ƙofa? Da ɗan gari akan ci gari. A 1943 wani makanike, Wim Henneicke, ya jagoranci 'yan ƙasa wajen hamsin, sana'arsu farautar mutane. Ana biyansu gilda (kuɗin Holan na lokacin) bakwai da rabi a kan kowane kai, har da rasit da sa hannu! Cikin 'yan watanni suka miƙa mutum dubu takwas zuwa tara. A wani gidan wasan kwaikwayo ake tara su, daga nan sai sansanin Westerbork, sai Auschwitz ko Sobibor, sansanonin da ake kashe su. Rasit ɗin nan ne ya fi ci mini rai, aminina. Mutum ya kai jinjirin maƙwabci, ya karɓi kuɗi, ya sayo wa nasa 'ya'yan burodi.

Akwai kuma Ans van Dijk, wadda ita kanta Bayahudiya ce. Da aka kama ta a 1943 aka ce ta zaɓa, ko jirgi ko aiki. Ta zaɓi aiki, tana yi wa mutane alkawarin maɓoya tana kai su hannu. An harbe ta a Janairun 1948. Ta ci amana, babu ja, amma zuciyata ta ƙi ajiye ta a sahu ɗaya da Henneicke. Ita wuƙa ce a wuyanta, shi kuwa kwaɗayi ne.

Ka tuna daren rikicin nan da Baba ya shigo da maƙwabtanmu cikin gida, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kwana a bakin ƙofa? Duk layin sun sani, babu wanda ya buɗe baki. Muna yara, ban san abin da ya sa a kansa ba sai da na tsaya gaban katangar nan. Don Allah ka karanta masa wannan wasiƙa, ka ce ɗansa na Turai yana gaishe shi.

A gaida Inna da su Yaya. Ina jiran amsarka.

Naka,
Amininka