A Daina Ƙona Ledar Takin Shara a Gonaki

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana kan takin shara da ake ɗebowa daga birnin Kano zuwa gonakin Gezawa, Minjibir da Dawakin Kudu. Takin yana gyara ƙasa, wannan babu ja. Abin da ya dame mu shi ne wutar da ake cinna masa lokacin sharar gona don a rabu da ledar da ke ciki.

Roba ba iri ɗaya ba ce. Ledar fiya-wata da baƙar leda robar da ake kira polietilin ce, babu sinadarin kulorin a gininsu. Amma PVC, wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ledar ɗaki da ita, kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinta kulorin ne. Ana gane ta da lamba 3 a cikin ɗan alwatikan da ke gindin kaya, in an buga shi.

Ga inda haɗarin yake. Wutar juji cin ƙasa-ƙasa take yi tana tuƙa hayaƙi, kuma tsakanin zafin digiri 250 da 450 ne gubar dayoksin ke haɗuwa in akwai kulorin, irin na PVC, a cikin abin da ke ƙonewa. Jan ƙarfen guntayen waya shi ke zama katalis, wato mai hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da ya ƙare ba, don haka ɗan kaɗan ya isa. Injinan ƙona shara na Turai dole su kai digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2, abin da wutar gona ba za ta taɓa yi ba. Gubar tana zama a toka, kaji su yi tono, awaki su yi kiwo, ta taru a ƙwai da madara da kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci ne, kuma sai shekara 7 zuwa 11 rabinsa ke fita. Mai ciki da mai shayarwa su ne abin tausayi.

Maganin farko ba ya cin kuɗi: a bar takin ya bushe, a rairaye shi da ragar da ake tankaɗe yashi, a ware waya da batir da PVC gefe guda, leda da goruna a sayar wa 'yan jari-bola. Tokar da aka riga aka ƙona, a hana kaji zuwa wurin.

Kada kuma a ruɗu da ledar da ake cewa tana ruɓewa da kanta. Mafi yawanta polietilin ce da aka zuba wa gishirin kobalt ko manganis. Rana na farfasa ta ta koma ɓurɓushi a cikin ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta daga 2021. Matasan da ke dafa leda a durom don samun mai su ma su kula: ana yin sa ne babu iska, a digiri 400 zuwa 500, katalis na zeyolait (wani irin ma'adini) yana rage zafin da ake bukata, amma PVC na fitar da asid ya cinye durom ya kashe katalis ɗin, gorar ruwa kuma ta toshe bututu har ya fashe.

Wannan maganar haƙƙi ce. Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare iska, ruwa da ƙasa, sai dai yana Babi na 2 wanda ba a kai ƙara a kansa kai tsaye. Amma sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, mai bai wa al'umma haƙƙin samun muhalli mai kyau, ya zama dokar Nijeriya tun 1983, kuma da shi aka kafa hujja a shari'ar 2001 kan gurɓata muhallin al'ummar Ogoni ta yankin Neja Delta. Muna kira ga Jami'ar Bayero ta haɗa malaman sinadarai da na shari'a su auna ƙwai da ƙasar waɗannan gonaki, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da ƙananan hukumomi kuma su sa a tantance shara tun a juji kafin a loda wa manomi ita.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyya da wani lauya,
Gezawa, Jihar Kano