A Riƙa Duba Lissafin Noti Kafin A Binne Bututu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina aikin haɗa bututun ruwa a Katsina, kuma abin da na gani a wani wurin aiki satin jiya ya sa na ɗauki alƙalami.

Bututu ne mai faɗin milimita 300, ruwan cikinsa na tafiya da ƙarfin ba 10 (ba shi ne ma'aunin ƙarfin matsin ruwa). Lissafin ba wuya: a ninka ƙarfin ruwan da girman filin bakin bututun, sai a ga kusan tan 7 ke neman raba filanji biyun, wato fayafayen bakin bututu da ake haɗawa da noti. Irin wannan filanji ramuka 12 gare shi, kowane noti na ɗauke da kusan kilo 600. Ba a ma saka ƙarfin matse gaskit ba, wato abin da ake sawa tsakanin filanji don hana yoyo, kuma shi ne masu lissafi suka fi mantawa.

To, na tarar da yara sun sa noti 8, wai sauran sun ƙare. An rubuta lambar ƙarfin notin 8.8 a takarda, na duba kan ƙarfen na ga 4.6, wanda ƙarfinsa bai wuce rabin wancan ba. Ɗauri kuwa, an zura guntun bututu a sifana ana hawa da ƙafa!

Na ce wa babbansu, "Ɗana, ɗaure na sama, ka koma na ƙasa, sannan dama da hagu, zagaye uku da sifana mai awo." Ya ce injiniya ya riga ya sa hannu.

Ina roƙon injiniyoyinmu, wani daban ya sake bin lissafin, kuma a gwada da ruwa kafin a tura ƙasa.

Naku,
Tsohon mai haɗa bututu,
Ƙofar Marusa, Katsina.