Farautar talotalon daji a Amurka: sai da zama da haƙuri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi bayani kan farautar talotalon daji da ake yi a dazuzzukan Amurka tsakanin Maris da Mayu, lokacin da sanyi ya janye itatuwa suka fara toho. Masu ganin bidiyonta sukan ɗauka harbi ne kawai, alhali kusan duk aikin zama ne da kira, kuma yawancin asara da haɗari daga gaggawa suke fitowa.

Lokacin barbara ne. Namiji yakan kwana a kan itace, da ketowar alfijir ya yi ta kuka don mata su zo gare shi. Maharbi kuwa kukan mace yake kwaikwaya don namijin ya taso ya zo, wato yana neman juya ɗabi'ar tsuntsun. Shi ya sa namiji kan matso zuwa yadi 60 ko 70 ya toge, ya baza wutsiya yana jiran macen ta fito. Sabon maharbi sai ya ƙara yawan kira, nan ne kuma yake ɓata lamarin. Abin da ya dace shi ne a yi shiru, ko a ɗan karci busassun ganye da hannu kamar mace na kiwo. Rafi ko shinge tsakaninka da shi ma kan hana shi ƙarasowa, don haka tun kafin ranar ake zagaya wurin a san kwanciyar ƙasar.

Da almuru ake gano itacen da namijin ya hau, a kwaikwayi kukan mujiya, shi kuma ya amsa. Da asuba, cikin duhu, a zauna yadi 100 zuwa 150 daga wurin, a jingina da itacen da ya fi faɗin kafaɗu. Talotalo ba ya jin ƙanshi sosai, amma idonsa na rarrabe launi kuma ɗan motsi kaɗan ya ishe shi, saboda haka ake rufe fuska da hannuwa da kaya masu launin daji, a ɗora bindiga a gwiwa tun kafin ya bayyana. Idan ya sauko ya bi mata, kada a tashi a tafi gida. Da hantsi matan kan koma sheƙa, ya rage shi kaɗai, a sannan ya fi amsa kira.

Bindigar da aka fi amfani da ita mai watsa ƙwayoyi ce, mai faɗin baki lamba 12 ko 20, da ƙwayoyin dalma masu girman lamba 4, 5 ko 6. Kai da wuya ake auna, domin gashin jikinsa da fikafikai na tare ƙwayoyin, sai tsuntsu ya tsere da rauni ya mutu a banza. Kada a wuce yadi 40. Kafin lokacin farauta a kafa takarda a wannan nisan a harba, a ƙirga hudojin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 10. Maharba da yawa na neman huji kusan 100. Wanda bai yi wannan gwaji ba bai san bindigarsa ba.

Maganar tsaro ita ta fi damuna. Kan namiji ja ne da fari da shuɗi, jikinsa baƙi-baƙi, don haka ba a sa waɗannan launuka ko da a safa. Ba a sanɗar kuka, domin mai kukan yana iya zama wani maharbi ne a zaune da bindiga. In ka hango mutum na tahowa, kada ka ɗaga hannu, ka yi masa magana da babbar murya. Kuma ba a taɓa kunama sai an ga gemu, wato tsinken gashin da ke rataye a ƙirjin namijin.

Gemun nan doka ce: a wannan lokaci yawancin jihohi mai gemu kaɗai suka yarda a harba, da lasisi da adadi ƙayyadadde, domin mace na kan ƙwai 10 zuwa 12 da take kwanci na kwana 28. A shekarun 1930 tsuntsun ya kusa ƙarewa saboda sare daji da harbi barkatai. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji, aka riƙa kama talotalon daji da raga ana kai su inda suka ɓace, har ta kai yanzu ana ƙiyasta su da miliyoyi. A 'yan shekarun nan yawansu ya fara raguwa a wasu jihohin, shi ya sa hukumomi ke jinkirta buɗe farautar ko rage adadin da aka yarda mutum ya harba. Duk mai niyya ya karanta dokar jihar da zai shiga ta wannan shekarar, kada ya dogara da ta bara.

Na gode.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku